Allurar Baya Lokacin Naƙuda: Yadda Ake Tabbatar da Inda Robar Ta Zauna

A Zariya idan aka ce an yi wa mace allurar baya, abin da yawancin mutane ke nufi shi ne allurar da ake yi kafin tiyatar ciro jariri, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa cikin 'yan mintuna. Akwai 'yar uwarta da likitoci ke kira efidural, wadda ake yi wa mace tana tsakiyar naƙuda domin a rage mata zafi ba tare da an hana ta yunƙuri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2018 kan kula da mata lokacin haihuwa, ta amince a yi wa mace mai lafiya wannan allura idan ita da kanta ta nema. Har yanzu ba ta zama ruwan dare a wajenmu ba, domin aiki ne na likitocin sa barci, su kuwa an fi samun su a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Amma mata sun fara tambaya, kuma ya kamata duk wadda za ta nema, da mijinta, da ungozomar da za ta kwana a kanta, su san inda haɗarin wannan aiki yake da yadda ake kauce masa.

Laka tana tafiya ne a cikin ramin ƙashin baya, tana ninƙaya a cikin wani ruwa garai-garai, an kuma naɗe ta da ruwan gaba ɗaya a cikin wani tantani mai ƙwari. Tsakanin wannan tantani da bangon ƙashi akwai ɗan sarari mai kitse da jijiyoyin jini, wanda faɗinsa a wajen ƙugu bai wuce 'yan milimita ba, kuma ta cikinsa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi suke ratsawa. Allurar tiyata tana huda tantanin ta zuba magani a cikin ruwan laka. Efidural kuwa a wajen tantanin take tsayawa, a zura wata siririyar roba mai kaurin zaren kamun kifi ta cikin allurar, a zare allurar a bar robar, a riƙa ba da magani ta cikinta har a haihu. Wani likitan sojan Sifen mai suna Fidel Pagés ne ya bayyana yin allura a wannan sarari a 1921, sannan a 1947 Manuel Martínez Curbelo na ƙasar Kuba ya fara zura roba a ciki ta wajen ƙugu.

Matsalar ita ce likita ba ya ganin inda yake aiki. Yana lalubo ƙashin ƙugu biyu da hannu, ya ja layi tsakaninsu a zuci, ya zaɓi gaɓar da ke ƙasa da inda laka ta ƙare, sannan ya tura allura a hankali yana danna sirinji mai ruwan gishiri. Muddin bakin allurar yana cikin jijiya mai tauri, sirinjin ba zai dannu ba. Da zarar ya faɗa cikin sararin, sai ya saki lokaci guda. A yawancin mata wannan yana faruwa ne a zurfin santimita 4 zuwa 6 daga fata. Daga nan a zura roba a bar kamar santimita 4 zuwa 5 a ciki. Duk wannan ji ne na yatsa, kuma ko da allurar ta tsaya daidai, robar da ta wuce ta cikinta tana iya bin wata hanya dabam.

Hanyoyin ɓatan da ke kisa guda biyu ne. Robar tana iya shiga cikin ruwan laka, tana kuma iya shiga jijiyar jini. Lissafin magani kawai ya isa ya nuna girman abin. Idan za a yi tiyata da allurar laka, mililita 2 zuwa 2.5 na maganin kashe jiki mai suna bupibaken ake zubawa, wato rabin ƙaramin cokali, kuma ya isa ya kashe rabin jiki. Idan ta robar efidural za a yi tiyatar, ana bukatar mililita 15 zuwa 20 na magani mai ƙarfi. To, a ce wannan adadin ya tafi cikin ruwan laka bisa kuskure: maganin zai haura sama ya kama jijiyoyin da ke hanzarta zuciya, jini ya faɗi, hannuwa su mutu, murya ta shige, numfashi ya tsaya. Idan kuma cikin jini ya tafi, zai isa ƙwaƙwalwa da zuciya cikin daƙiƙu, mace ta kama jijjiga, bugun zuciya ya rikice. Mai ciki ta fi kowa fuskantar wannan na biyun, saboda nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai jinin ya nemi hanya ta jijiyoyin cikin ƙashin baya, su kumbura su cika sararin da robar za ta bi. Lokacin da ciwo ya taso kumburin yana ƙaruwa, shi ya sa ake dakatawa da turawa har ciwon ya lafa.

Akwai kuma wuri na uku da ba a cika faɗawa ba, wato tsakanin tantanin nan mai ƙwari da wani siririn tantani da ke manne a cikinsa. Alamarsa ita ce maganin ya yi jinkirin kamawa, sannan ya haura sama fiye da ƙima, ya kama nan ya tsallake can.

Gwaji na farko shi ne mafi sauƙi, kuma a ganina shi ne aka fi raina wa. Bayan an zura roba, sai a sauke bakinta ƙasa da bayan matar a ga ko wani abu zai gangaro da kansa, sannan a ɗaura ƙaramin sirinji a ja a hankali. A hankali ɗin nan yana da muhimmanci, domin idan aka fizga, jijiyar jini takan manne a bakin robar ta toshe shi, a ga babu komai alhali robar tana cikin jini. Idan jini ya biyo yana ta zuwa, magana ta ƙare. Idan farin ruwa ne, sai a tambayi kai ko ruwan gishirin da aka zuba ɗazu ne yake dawowa ko ruwan laka ne. Ruwan gishiri yakan zo kaɗan ya tsaya, ruwan laka kuwa ba ya yankewa, yana da ɗumin jiki, kuma yana ɗauke da sukari, don haka takardar gwajin sukari tana taimakawa. Robobin da ke da ƙofofi uku a gefen bakinsu sun fi masu ƙofa ɗaya nuna jini idan an ja. Sai dai su ma suna da nasu sharrin, domin ƙofa ɗaya tana iya kasancewa a daidai, wata kuma a cikin jijiya.

Gwaji na biyu shi ne ɗan maganin gwaji. Wanda aka fi sani ya samo asali ne daga aikin Daniel Moore da Manbir Batra na Amurka, wanda suka buga a 1981: mililita 3 na lidoken, wani maganin kashe jiki, mai ƙarfin kashi 1.5 cikin ɗari, wato miligiram 45, haɗe da maikirogiram 15 na adirenalin, maganin da ke hanzarta bugun zuciya. Hikimar ita ce a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Idan robar tana cikin ruwan laka, lidoken ɗin zai sa ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, cikin minti 3 zuwa 5 matar ta kasa ɗaga su. Idan tana cikin jini, adirenalin zai sa bugun zuciya ya ƙaru da kamar 20 a minti, cikin minti ɗaya da yin allurar, sannan ya sauka. Idan robar tana inda ya dace, wannan ɗan adadin ba zai yi wani abin a zo a gani ba.

Ga wanda aka kwantar za a yi masa tiyatar ƙafa, wannan gwaji yana aiki da kyau. Mai naƙuda ba haka take ba. Zuciyarta tana hawa da sauka da kanta duk lokacin da mara ta murɗa, kuma hawan yana iya kai wanda ake jira daga adirenalin ko ya wuce shi. Likita zai iya ganin bugu ya tashi ya cire robar da ba ta da laifi, ya sake huda bayan baiwar Allah a banza. Zai kuma iya ɗaukar tashin gaske a matsayin na ciwo ya wuce. Saboda haka masu yin wannan gwaji sukan jira ciwo ya lafa tukuna su ba da maganin nan take, idanunsu a kan na'urar da ke maƙale a yatsa, idan kuma wani ciwon ya riske su a tsakiya su sake. Ban da haka, adirenalin da ya shiga jini yana rage jinin da ke zuwa mahaifa na ɗan lokaci, yana kuma iya ɗaga jinin macen da dama nata ya hau. A ɗakunan haihuwarmu, inda hawan jinin masu ciki da jijjiga ke cikin manyan abubuwan da ke kawo mata a gigice, wannan ba ƙaramin dalili ba ne na yin taka-tsantsan. An gwada wasu hanyoyi, kamar ba da maikirogiram 100 na fentanil, wani maganin rage zafi mai ƙarfi, a ga ko matar za ta ji jiri da barci cikin 'yan mintuna, kowace da nata giɓin.

Abin da ya fi canza wannan fanni shi ne rage ƙarfin maganin kansa, kuma da rayuka aka sayi darasin. A 1979 wani likita mai suna George Albright ya ja hankalin abokan aikinsa kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya bayan bupibaken ko makamancinsa ya shiga jini, aka kuma sha wuyar farfaɗo da su. A 1983 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana amfani da bupibaken mai ƙarfin kashi 0.75 cikin ɗari ga masu haihuwa. Yau abin da ake bai wa mai naƙuda yakan kasance kashi 0.1 ne ko kusa da haka, gauraye da ɗan fentanil. Mililita 10 na wannan miligiram 10 ne kacal. Idan ya faɗa ruwan laka, ƙafafu za su mutu, jini ya sauka, amma abu ne da likitan da ke tsaye a wurin zai iya shawo kansa. Daga nan ne likitoci da yawa suka koma ɗaukar kowane zubi a matsayin gwaji: a ja sirinji, a ba da kaɗan, a jira, a tambaya, a duba ƙafa, a auna jini, sannan a ƙara. Ni ma nan na karkata, domin robar da ta zauna daidai da hantsi tana iya gusawa kafin la'asar, kuma gwajin da aka yi sau ɗaya a farko ba ya ba da shaida a kan abin da ya faru bayan matar ta juya sau ashirin a kan gado.

Amma magani mai rauni ya zo da wani tarko da ya kamata a daɗe a kansa. Idan miligiram 10 ɗin nan cikin jini ya tafi, babu jijjiga, babu wata alama mai tayar da hankali, abin da kawai za a gani shi ne ciwo bai ragu ba. Sai a ce ai wannan mai raki ce, ko a ce maganin ne bai karɓe ta ba, a ƙara mata wani a wuce. Can cikin dare bugun zuciyar jariri ya sauka, a garzaya da ita ɗakin tiyata, wani likitan da bai san tarihin robar ba ya tura mililita 20 na magani mai ƙarfi cikin gaggawa. Robar da ba ta rage zafi ba abar zargi ce. Hanyar wanke ta ita ce a ɗauki ƙanƙara, ko auduga mai sifirit, a taɓa goshi ko kafaɗa domin matar ta san yadda sanyin yake, sannan a bi cinya da ciki ta kowane gefe ana tambayarta inda sanyin ya dawo. Zafin matakin farko na naƙuda yana bukatar magani ya kai daidai cibiya, dama da hagu. Idan bayan minti 20 zuwa 30 da isasshen magani babu inda sanyi ya ɓace, a cire robar a sake tun ana da sarari. Idan gefe ɗaya ne kawai ya kama, akan ɗan janyo ta da santimita ɗaya a ƙara magani, in bai gyaru ba ita ma a sake.

Duk waɗannan gwaje-gwaje, in ban da jan sirinji da awon jini, sun dogara ne ga bakin matar, kuma a nan al'adarmu take shigowa. Yarinyar da ta zo haihuwar fari tun daga gida an ja mata kunne cewa ta yi haƙuri, kada ta ɗaga murya ta ba dangi kunya. Ka tambaye ta yaya jiki, ta ce da sauƙi, ko da kuwa duniya juyawa take yi da ita. Na taɓa tsayawa a kan wata irin wannan da dare, gwaggonta tana zaune a bakin ƙofa da fulas da tabarma. An ja sirinji ba a ga jini ba, aka ba ta kashi na farko na magani. Na ce mata, “Malama, kina jin wani abu?” Ta girgiza kai. Ungozomar da ke wurin, dattijuwa ce da ta daɗe a aikin, ta sunkuya kusa da fuskarta ta ce, “'Yata, bakinki fa? Leɓenki bai yi miki kamar ba naki ba? Kunnenki ba ya ƙara?” Yarinyar ta yi shiru, sannan ta ce a hankali, “Mama, kunnena yana shuu, kuma bakina kamar na tsotsi ƙarfe.” Muka tsayar da komai. Da aka sauke bakin robar ƙasa aka sake ja sannu a hankali, sai ga jan zare na jini yana biyowa. Aka cire, aka sake a gaɓa ta sama, ta haihu da asuba lafiya.

Tun daga ranar na daina yin tambaya a dunƙule. Ana faɗa wa mace alamomin ne tun kafin a taɓa bayanta, da Hausar da take ji: ɗanɗanon ƙarfe, mutuwar leɓe ko harshe, ƙara a kunne, jiri, bugun ƙirji, ɗumi ko nauyi a ƙafa da ya zo da sauri, tsinke-tsinke a yatsun hannu, wahalar jan numfashi. A kuma gaya mata a fili, gaban wadda ta rako ta, cewa faɗin waɗannan ba raki ba ne, taimakon likita ne. Bayan an ba da magani a ce ta ɗaga kowace ƙafa a miƙe, ta matse hannun ungozoma, ta yi magana a ji ƙarfin muryarta. Matar da aka sa wa maganin jijjiga, wato magniziyam, dama takan ji zafi a jiki da kasala, don haka ita sai an ƙara sa ido kafin a ce ga abin da ya jawo me.

Wannan ya kawo mu ga wani ruɗani da ya fi kusa da mu fiye da ƙasashen da aka rubuta yawancin littattafan. A nan idan mai naƙuda ta fara jijjiga, hankalin kowa yana tafiya ga jijjigar hawan jini, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Amma idan akwai roba a bayanta, aka kuma ba da magani 'yan mintuna da suka wuce, dole a kawo gubar maganin a rai tun a daƙiƙar farko. A tsayar da maganin, a kira taimako, a ba da oksijin, a karkatar da mahaifa zuwa hagu, a kwantar da jijjigar. Maganin wannan guba wani farin ruwan kitse ne mai kama da madara, mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, wanda Guy Weinberg ya nuna amfaninsa a kan ɓeraye a 1998, aka kuma ba da rahoton ceton mutum na farko da shi a 2006. Ana fara ba da mililita 1.5 ga kowane kilo na nauyin jiki ta jijiya, sannan a ci gaba da ɗurawa. Wurin ajiyarsa ɗakin haihuwa ne, inda kowace nas ta san durowar da yake ciki. Ba abu ba ne da za a rubuta wa miji a takarda ya fita nema a kantin magani na Tudun Wada ko Sabon Gari da ƙarfe biyun dare.

Akwai kuma kuskuren da ba na robar ba ne, na hannu ne: a ɗauki jakar maganin efidural a maƙala a robar ƙarin ruwa da ke hannu. Mata sun mutu ta wannan hanya a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, har ta kai aka ƙera mahaɗai na musamman, masu suna NRFit, waɗanda ba sa shiga bakin robar jijiya ko an so. Inda babu su, abin da ya rage shi ne a manna wa roba da sirinji alama mai launi, a ajiye maganin baya nesa da na jijiya, mutum biyu kuma su karanta sunan magani da baki kafin a haɗa.

Idan aka tattara bukatun aikin, za a ga mafi tsadarsu mutum ne. Kafin a fara sai an sa robar ƙarin ruwa a hannu, an tanadi oksijin da maganin ɗaga jini da kayan taimakon numfashi, an duba ƙwayoyin daskarar da jini ga wadda jininta ya hau. Bayan kowane babban zubi ana auna jini duk minti 5 har na tsawon minti 15 zuwa 20, ana sauraren zuciyar jariri, kuma likitan sa barci yana inda za a same shi cikin 'yan mintuna. A daren da ungozoma ɗaya ke kan mata shida, likita ɗaya kuma yana cikin tiyata ba ranar fitowa, ra'ayina shi ne kada a fara, a ba matar wani maganin rage zafi a yi mata bayani na gaskiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wadda ke murƙususu, kuma zafin naƙuda ba abin da za a yi wasa da shi ba ne, shi ya sa gyaran da ake bukata shi ne a ƙara ma'aikata a horar da ungozomomi kan duba efidural, domin a daina mayar da mata da haƙuri kawai.

Rubutu ma yana cikin gwajin. Robar tana da alamomin santimita a jikinta, kuma wajibi ne a rubuta zurfin da aka samu sararin da lambar da ke daidai fata. Ga mace mai jiki, idan ta miƙe daga sunkuyon da ta yi, naman baya yakan ja robar, don haka an fi so a bari ta miƙe ko ta kwanta tukuna a manna filasta. Duk wanda ya karɓi aiki ya juya ta ya duba lambar, ya ga ko filastar ta jiƙe, ya kwatanta da abin da aka rubuta.

Bayan haihuwa ana zare robar a hankali a duba bakinta mai launi a tabbatar ta fito cikakkiya. Awa 4 bayan magani na ƙarshe ya kamata mai jego ta iya ɗaga ƙafarta a miƙe daga kan gado, idan ta kasa a kira likita nan take, domin taruwar jini a kusa da laka, duk da wuyar faruwarsa, awoyi kaɗan yake bayarwa. Kusan mace ɗaya cikin ɗari allura takan huda mata tantanin laka bisa kuskure, kuma fiye da rabin waɗannan sukan yi ciwon kai mai tsanani idan sun zauna ko sun tsaya, ya lafa idan sun kwanta, yawanci yana farawa ne cikin kwana biyu zuwa uku. Da yake yawancin matanmu a lokacin sun riga sun koma gida an fara wankan jego, sai a gaya wa ita da mai yi mata wanka tun kafin sallama cewa irin wannan ciwon kai, ko zazzaɓi da ciwon baya mai ƙaruwa, ko sabon nauyin ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na komawa asibiti ne a ranar, kuma ta faɗa wa wanda ya karɓe ta cewa an sa mata roba a baya.